Famfon man Corolla: in canza da hannuna ko in kai gareji?

Abban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu sanin mota ku taimaka da shawara. Corolla ce ƙirar 2006, injin 1.8. In ta ɗau zafi a cunkoso sai ta fara shaƙewa, ka taka totur ta ƙi amsawa, wani sa'in ta mutu ɗungurungum. In ta huce kuma sai ta tashi lafiya lau. Akwai wani siririn kuka da ke fitowa daga wajen kujerar baya. Bakanikena ya ce famfon mai ne, ko bonet bai ɗaga ba. An ce min a ƙarƙashin kujerar baya yake, ba sai an sauke tanki ba. Ni nake canza filogi da baƙin mai da hannuna, kayan aiki ina da su daidai gwargwado. Abin da zan iya yi ne a gida ranar Asabar, ko in haƙura in kai gareji?

Sarkin Zolaya:
Wa alaikumus salam. Yi abinka malam, amma ka turo mana sunan unguwa tun yanzu mu sanar da 'yan kwana-kwana.

Na Hotoro:
Kai gareji kawai. Kuɗin aikin nawa ne da za ka sa ranka a kai?

Abban Walid:
Ba kuɗin aikin ne damuwata ba. Wani abokin aikina ya sayi famfo mai kyau ya bar wa yaran gareji, da aka sake buɗewa daga baya wani daban aka tarar a ciki. In ba zan yini a tsaye a kansu ba, gara in yi da kaina.

Oga Rewaya:
Abban Walid, ajiye maganar wa zai canza tukuna. Wa ya tabbatar maka famfon ne? Na tsufa a aikin wayarin mota, kuma famfunan da na ga an cire suna da ransu ba sa ƙirguwa. Mota ta mutu da zafi ta tashi da sanyi, famfo yana yin haka, gaskiya ne. Amma rile, wato ɗan makunnin da ke ba famfo wuta, ma yana yi. Sansar karanshaf, mai gaya wa kwamfuta inji yana juyawa, tana yi. Koyil, mai ba filogi wuta, yana yi. Soket ɗin da ke kan murfin famfon, in ya ƙone ya saki jiki, shi ma haka yake yi, kuma gyaransa ba ya cin ko kwatan kuɗin famfo.

Ga abin da za ka yi kafin ka kashe ko kwabo. Ranar da ta mutu kar ka jira ta huce. Ɗaga mazaunin kujerar baya, ƙugiyoyi ne suka riƙe shi ta gaba, ka fizgo sama zai saki. Za ka ga wani faranti da aka manne da baƙin danƙo. Ɓanɓare shi, kan famfon yana nan a ƙasa da soket ɗinsa. Kar ka taɓa tiyo, kar ka kwance komai. Sa kunne, wani ya yi maka kik. In ka ji shiru, sa mita ko fitilar gwaji a wayoyin famfon a sake yin kik. In wuta ta zo, bolt 10 zuwa 12 yayin da ake kik, amma famfo bai motsa ba, to shi ne. In wuta ba ta zo ba, koma kan fiyus ɗin EFI da rilen da ake rubuta wa C/OPN, famfonka ba shi da laifi.

Na Hotoro:
Ai ba sai an yi kik ba Oga. Murɗa makulli kawai fitilun dasbod su kama, za ka ji ya yi zuuu na ɗan lokaci. In babu, ya mutu.

Oga Rewaya:
A Honda ne haka, ɗana. Ita tana kunna famfo kamar daƙiƙa biyu da zarar ka murɗa. Toyota da yawa na wancan zamanin ba sa ba famfo wuta sai kwamfutar ta ga ana kik ko inji yana juyawa. Wannan shirun kaɗai ya sa mutane da dama sun sayi famfon da ba sa buƙata.

Na Hotoro:
To, an ƙaru.

Injiniya KD:
Ƙari a kan maganar Oga. Famfo yana iya juyawa yana kuka alhali ƙarfinsa ya tafi, kuma alamun da Abban Walid ya bayar sun fi kama da haka. Injin 1ZZ da ke cikin motar nan yana son ƙarfin mai tsakanin 304 da 343 kPa, wato psi 44 zuwa 50. In an kashe inji kuma, bayan minti 5 ya kamata layin ya riƙe 147 kPa ko fiye. In allurar gej ɗin auna ƙarfin mai ta zube nan take, akwai inda mai yake komawa baya. Ba kowa ke da gej ɗin a gida ba, amma gareji masu kwamfuta suna da shi, ka biya kuɗin gwaji kawai ka taho. Gwajin ya fi sayen famfo araha nesa ba kusa ba.

Kawu Direba:
Allah sarki zamani. Ni da na yi tuƙin Fijo 504 tsakanin Kano da Maiduguri, irin wadda ake haɗawa a Kakuri tun 1975, famfon mai a jikin inji yake, kana ɗaga bonet ga shi yana kallonka. Noti biyu, tiyo biyu. Ya lalace a hanya ka sauka gindin bishiya ka canza robarsa, fasinja ba su gama alwala ba ka gama. In ya ƙi gaba ɗaya ka ɗaura galan a kan rufi ka jawo tiyo zuwa kafireta, mai ya gangaro da kansa har gari. Yanzu an ɗauki injin lantarki an tsoma shi cikin fetur, an ce wai ci gaba ne. Ni har gobe abin bai kwanta min ba.

Injiniya KD:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Dalili ne da shi. Kafireta ba ta buƙatar ƙarfi, a zuba mata kawai. Injekta kuwa sai an tunkuɗo mata mai da ƙarfi take feshi, kuma famfo ya fi iya turawa a kan tsotsowa, shi ya sa aka kai shi inda man yake. Fetur ɗin da ke ratsa cikinsa shi ke sanyaya shi. Cikin rufaffen tanki kuma tururin fetur ya cika wurin, iskar da wuta za ta ci ba ta isa ba. Haɗarin yana farawa ne daga lokacin da ka buɗe, tururi ya fito ya gauraya da iskar waje.

Kawu Direba:
To ka ga ka dawo maganata. A namu ba ka buɗe tanki sam.

Maman Hanan:
Salamu alaikum. Ni ba mota na sani ba, aikin jinya nake yi, kuma na yi aiki a ɗakin masu ƙuna. Abban Walid, da ka ce "a gida", wane irin gida? Tsakar gida ce ko waje? Akwai yara? Ina ake girki?

Abban Walid:
Gidan haya ne Hajiya, mu uku ne a ciki. A tsakar gida nake ajiye motar, an zagaye da katanga. Maƙwabciyarmu da gawayi take girki a bakin ƙofarta, akwai kuma janareton mai shagon da ke jikin gidan.

Maman Hanan:
To don girman Allah ba a nan ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi kamar ruwan wanke-wanke yana neman gangare. Kai kana cikin mota ba ka ga komai ba, shi kuwa ya isa bakin murhu. Yawancin waɗanda ake kawo mana ba sigari suka kunna ba. Wani janareto yake zuba wa mai da zafinsa, wani jarka ya juye a ɗaki da fitilar ƙwai a can gefe, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙonewa ba shi ne mai aikin ba, yaron da ya tsaya kallo ne. Duk mun ga abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, gobarar fetur ta kashe mutum sama da 150. Tanka ce, na sani, amma fetur ɗin ɗaya ne.

Abu biyu kuma, tunda na samu dama. In fetur ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, ba murzawa. In wani ya tsotsi tiyo ya haɗiye, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti. Abin tsoron shi ne ya sarƙe ya gangara huhu. Ƙuna kuma ruwan famfo mai sanyi minti 20, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba baƙin mai ba. Mun sha wahalar kankare waɗannan daga jikin mutane.

Sarkin Zolaya:
Hajiya ta sa na janye wasan da na yi a sama.

Na Hotoro:
Kun ga dalilin da ya sa na ce a kai gareji.

Oga Rewaya:
Wane garejin? Wanda mai walda yake gefe yana watsa tartsatsi, mai shayi yana bayansa da risho? Ba sunan wurin ne ke tsare mutum ba. Fili buɗaɗɗe mai iska, nesa da wuta, da safe kafin rana ta yi zafi. In ya samu wannan ya fi rabin garejin garin nan aminci. In bai samu ba, ya haƙura.

Abban Walid:
Yayana yana da fili a bayan gari, an kafa tubali ba a yi gini ba, babu kowa kusa. Can zan kai ta. Sakamakon gwaji kuma: ta mutu min a hanyar dawowa daga aiki, na yi yadda Oga ya ce. Wuta tana zuwa soket, famfon shiru. Da yaron da ke tare da ni ya ɗan bubbuga kan famfon da marfin hannu ina kik, sai ta tashi.

Oga Rewaya:
Shi ke nan, gawayin cikinsa, wanda yake taɓawa ya kai wuta ya juya shi, ya cinye. Bugun ne ya sa ya sake taɓawa. Zai yi maka haka 'yan kwanaki, ranar da zai ƙi gaba ɗaya ba zai yi sallama ba. Yanzu na yarda a canza.

Saurara da kyau. Ka je da mai ƙasa da kwatan tanki. Ka tafi da mutum ɗaya babba, ba yara ba. Abin kashe gobara na mota, wanda 'yan Road Safety suke tambaya, ka fito da shi daga but ka ajiye a hannun dama, da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Ƙofofi huɗu a buɗe.

Zare soket ɗin famfo, ka tayar da mota ta cinye man da ke layi har ta mutu da kanta. Wannan shi ke sauke ƙarfin da ke cikin tiyo, in ba haka ba kana zarewa zai feso maka a fuska. Kashe makulli, cire kan batir na nagatib ka lanƙwasa shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Buɗe murfin da ake zuba mai ya saki iska.

Sai shara. Wannan shi ne wurin da yaran gareji suke tsallakewa. Ƙurar shekaru ta taru a kan famfon nan, ka bi ta da buroshi da tsumma mai ɗan danshi har sai wurin ya fito fes kafin ka kwance noti ko ɗaya, don duk abin da ka bari cikin tanki zai faɗa. Ɗauki hoto a lokacin, ka ajiye wayar can. Tiyon man yana da ɗan makulli na roba, da yatsa ake zare shi, kar ka sa filaya ka murƙushe. Tara tsumma a ƙasa, ɗan mai zai zubo. Kwance ƙananan notocin da suka zagaye kan famfon, ka zuba su a gwangwani. Ɗago gidan famfon a hankali kana karkata shi, saboda sandar fulot, mai auna yawan man tanki, tana maƙale a gefe, in ka lanƙwasa ta gej ɗinka ya fara ƙarya ke nan. Yana fitowa ka rufe bakin tankin da tsumma mai tsabta, ka ɗauki gidan a tire ka tafi da shi can gefe. Ba a cikin mota ake warware shi ba.

A ciki za ka ga famfon kansa, ɗan ƙarfe ne da ya ɗan fi batirin tocila kauri, da rariya a gindinsa. Rariya sabuwa za ka sa, ba a mayar da tsohuwa. A bakinsa na sama akwai wata 'yar roba zagayayya. Shafa mata fetur ta shiga salin alin. In ta naɗe ko ka manta da ita, mai zai riƙa tsiyaya yana komawa tanki ba ka gani, mota ta riƙa daɗewa a kik, ka je kana zagin mai sifeya a banza. Babbar robar bakin tanki ma ka sayi sabuwa. Kuma ko da wasa kar ka shafa gam a wurin, fetur yana narkar da shi ya je ya toshe rariya. Wajen ɗaurewa ka bi notocin ɗaya nan ɗaya can a gicciye, da hannu mai sauƙi, ƙanana ne suna tsinkewa. Haɗa tiyo har ka ji ya ce ƙas, ja shi ka tabbatar. Soket, batir, tayar da ita, ka tsaya kana kallon wurin tana aiki kafin ka mayar da faranti.

Admin:
Na maƙala wannan bayanin a saman zaure. Allah ya saka wa Oga.

Abban Walid:
Amin. Saura saye. Famfon kaɗai zan saya ko gidan gaba ɗaya? Sabo ko Baljiyam?

Mai Sifeya:
Nan kuma fagenmu ne. Kashi uku ne a kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ka je, ko Panteka, ko Ladipo. Akwai sabo na asali, Denso ne yake yi wa Toyota, yana da tsada kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Akwai Baljiyam, na asali ne da aka ciro daga motar waje. Sai sabo mai araha a kwali mai sheƙi. Ni in motata ce, Baljiyam da gidansa gaba ɗaya zan ɗauka. Kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun fi masu gaskiya iya buga kwali. Duba jikin ƙarfen, lambar da aka buga a kai, ka auna nauyinsa a hannu da tsohon naka. Jabu ba ya da nauyi. Kuma ka sa mai shago ya yi masa alama da maka a gabanka, ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi.

Na Zango Kumasi:
A nan Suame ma haka muke yi. Amma mu muna sa a gwada a gabanmu, a tsoma shi a roba da fetur a ba shi batir, ka ga yadda yake feshi.

Injiniya KD:
Wannan gwajin bai nuna komai ba sai cewa yana juyawa. Famfon da ya gaji ma zai yi feshi a buɗaɗɗen baki, sai an toshe masa hanya da ƙarfin psi 44 ake gane gwarzo. Ga shi kuma ana kartar waya a kan batir kusa da buɗaɗɗen fetur. In dole sai an ba shi wuta, batirin ya yi nesa, a haɗa wayar ta can wajen batirin, kuma kar ya wuce daƙiƙa 10.

Ban yarda da Mai Sifeya ɗari bisa ɗari ba kuma. Baljiyam ɗin Corolla 2006 shi ma ya kusa shekara ashirin. Ba ka san tafiyar da ya yi ba, ba ka san tsawon zaman da ya yi a bushe a kwantena ba. Inda na yarda da shi shi ne maganar gida: a motar nan babbar filta da abin daidaita ƙarfin mai duk a jikin gidan suke cikin tanki. In ka canza famfo kaɗai ka bar tsohuwar filta a toshe, sabon zai yi ta dambe da ita har ya gaji.

Mai Sifeya:
Injiniya, shekara ashirin ɗin da man Turai ya yi su, ba da man bumburutu ba. Ni nake ganin wanda ake dawowa da shi da wanda ba a dawowa.

Na Hotoro:
Na asalin ma ba tabbas. Ba a 2020 Toyota ta kira motoci a Amurka saboda famfon Denso ba?

Injiniya KD:
An yi haka, har da Lexus da Honda. Farfelar roba da ke cikin famfon ce take shan mai ta kumbura ta maƙale. Amma motocin baya-bayan nan ne abin ya shafa, ba ta 2006 ba. Kuma ka lura, su sun kira motocin sun canza kyauta. Mai kwali mai sheƙi wa zai kira?

Oga Rewaya:
Araha ba ta ado. Shawarata: in aljihu ya kai, sabo na asali da sabuwar filta. In bai kai ba, Baljiyam da gidansa daga wanda ka san shagonsa ba zai tashi ba. Na ukun kar ka saya sai in a hanya ka maƙale.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina biye da ku. Ku yi maganar abin da ke kashe famfon ma, don in bai canza hali ba zai koma. Mu nan ko da matatar SORAZ tana kusa da mu tun 2011, da yawa a kwalba muke sayen isansi, wato fetur, bakin hanya. Wanda ya san ciwon motarsa yana ɗora ƙyalle a bakin mazurari kafin a juye. Ka ga abin da ke saura a ƙyallen, ba za ka sake yarda a zuba maka haka nan ba. Sai kuma yawo da tanki a bushe, famfo ya riƙa kwasar dattin ƙasa.

Injiniya KD:
Maganar ƙyalle gaskiya ce. Ta dattin ƙasa kuwa ana yawan faɗa amma ba haka take ba. Rariyar famfo kullum a gindin tanki take, ko ya cika ko bai cika ba daga ƙasa yake sha. Abin da ƙarancin mai yake yi shi ne zafi: ɗan man da ya rage yana ɗumama da wuri, in ka sha kwana ko ka faɗa rami ya kauce gefe, famfo ya zuƙi iska ya juya a bushe.

Ɗan Damagaram:
Ko ta wace hanya dai, mutuwar ɗaya ce.

Kawu Direba:
Ku daina ɗora wa direba laifi. Tun da aka ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, wa ke cika tanki? Fitilar rizab ta zama fitilar ado a motocin mutane. Kafin nan ma, a Fabrairun 2022, ba hukuma da bakinta ta ce an shigo da fetur mai methanol fiye da kima ba? Mai mota ne ya haɗa shi?

Injiniya KD:
Ba laifi nake ɗorawa ba Kawu, lissafi ne. Tankin Corolla lita 50 ne, kwatansa lita 12 da rabi. Sau ɗaya za ka yi ƙoƙarin zuba wannan, daga nan ka ɗauka kwata shi ne sifilinka. Man da kake saye kullum bai ƙaru ba, a kan wancan kawai kake ɗorawa.

Kawu Direba:
Sau ɗayan nan ita ce ba ta zuwa, ɗana. Ranar da kuɗin cefane ya yanke, kwatan nan za a ƙona.

Abban Walid:
Alhamdu lillahi jama'a, an yi. Baljiyam na samu da gidansa, na sa sabuwar rariya da sabuwar robar baki. Ni da yayana muka yi bayan asuba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne sharar da Oga ya ce, ƙasa ce jajir ta daskare a wurin har da ɓawon gyaɗa, ban san ta inda ya shiga ba. Tsohuwar rariyar ta koma baƙa ƙirin, in ka matsa ta wani abu mai kama da laka yake fitowa. Ɗaya daga cikin haƙoran soket ɗin kuma ya yi baƙi, robar gefensa ta ɗan narke. Mota ta tashi a kik na biyu, kukan ya ɗauke, na bi da ita cunkoson Kurna da rana ba ta shaƙe ba.

Oga Rewaya:
Madalla. Amma soket ɗin nan kar ka bar shi. Tsohon famfon ne yake jan wuta fiye da ƙima har ya dafa shi, kuma haƙorin da ya taɓa ƙonewa ba ya sake kamawa da kyau. Kai wa mai wayarin ya yanke ya sa wani, ya yi solda ba murɗe-murɗe da salatif ba, kuma ya cire batir kafin ya fara. Ka leƙa cikin tankin?

Abban Walid:
Na leƙa da tocila daga nesa. Akwai ɗan yashi-yashi a ƙasa amma ba yawa, ban ga ruwa ba.

Mai Sifeya:
Da ka ga ruwa ko tsatsa da sai an sauke tanki an wanke, in ba haka ba ko na asali ka sa ba zai yi ƙarko ba.

Hajiya Mai EOD:
Sannunku da ƙoƙari. Tawa Honda Accord ce 2005, ƙanena yana son ya yi min irin wannan. Duk ɗaya ne?

Oga Rewaya:
Hajiya, hanyar ɗaya ce amma ƙofar daban. Taki ta cikin but ake shiga, a ɗaga shimfiɗar ƙasa daga can ciki kusa da bayan kujera. Ba notoci ne suka riƙe ta ba, wani babban zobe ne da ake murɗawa, yana da abin kwance shi na musamman. In babu, katako ake sawa a ɗan bubbuga, ba sukundireba da guduma ba, don ƙarfe in ya goga ƙarfe yana tartsatsi, zoben ma yana fashewa. Cikin but kuma tururi ya fi taruwa, a bar shi a buɗe. Sannan shi ma ya fara da gwaji, rilen Honda yana da nasa halin. Masu Marsandi V-boot nasu a waje yake ƙarƙashin mota. Masu Hilux da ire-irenta kuwa galibi sai an sauke tanki, wannan ba aikin mutum ɗaya a kan jak ba ne, a kai inda akwai rami.

Abban Walid, abu ɗaya ya rage maka. Robar bakin tanki ba ta nuna yoyo sai mai ya kai mata. Ranar da ka cika tanki, ɗaga kujera ka ɓanɓare farantin ka shafa zagayen da yatsa. In da danshi ko wari, robar ba ta zauna ba.

Abban Walid:
Cika tanki kuma Oga? Sai dai in albashi ya shigo.

Oga Rewaya:
To ranar albashin. Kafin nan in ka ji warin fetur a cikin mota da gilasai a rufe, tsaya ka duba, kar ka ce sai ka isa gida.

Hajiya Mai EOD:
Oga, abin kwance zoben ana haya ne ko sai an saya?

Mai Sifeya:
Masu gyaran Honda suna da shi. Ƙaninki ya je da motar ya ba su na goro su sassauta masa kaɗan ba zai yiwu ba, mai zai zubo a hanya. Ya aro, ya bar musu jingina.